Ranar Ƙananan Kaya a Dabai

Na ga abubuwa da yawa a rayuwata waɗanda na ɗauka za su zauna mini a rai har abada, amma yawancinsu sun dushe. Wanda ya ƙi dushewa, wanda na tabbata da shi za a kai ni kabari, wata rana ce ta kwasar amfanin gona a gidan yayana a Dabai, kusa da Zuru, ranar da ɗiyata ta karɓi agogona ta tsaya tana auna tsoho.

Ni mutumin Zuru ne, kuma kamar yawancin sa'o'ina, soja na yi. Sashen sadarwa aka sa ni, shi ya sa na yawata: Labanon, Cadi, Laberiya, har da 'yan watanni na kwas a Indiya. Da C'lela, harshenmu na gida, na tashi, Hausa na tsince ta a kasuwa da bariki, Turanci a makaranta, Faransanci kuwa a Cadi ya manne mini, tare da ɗan Larabcin sayen tumatir. Na kawo wannan ne don Faransancin zai yi amfani a gaba.

Ɗiyata ta fari ta karanci kwamfuta, ta sami aiki a wata ƙasar Turai da ake Faransanci, a wata cibiya mai hasashen yanayi. Shekara huɗu ba ta taka gida ba. Sai a wata shekara, lokacin da wayar salula ba ta daɗe da shigowa Zuru ba, ta zo hutun Kirsimeti. Uwarta ta yi wata guda tana shiri. Ta tanadi akuya, ta ɗinka musu atamfa iri ɗaya, ta sanar da duk matan coci.

Kwana biyu da isowarta na zaunar da ita, na ce ta faɗa mini aikinta yadda zan iya maimaita wa abokaina.

Ta ce, "Baba, kwamfutarmu ba irin ta kan tebur ba ce. Ɗaki guda ta cika, ɗakin kuma ya fi cocinmu girma. Dubban ƙananan kwamfutoci ne aka haɗa suna aiki ɗaya."

Ta bayyana mini cewa lissafin ba shi ne abin wahala ba. Abin wahala shi ne ajiya. Idan dubban nan suka gama lissafin iska da hadari, duka a lokaci ɗaya suke son zuba abin da suka samo a kan faifai, kuma a lokaci ɗaya suke son ɗaukowa. Faifan ma ɗaruruwa ne, an jera su suna karɓa tare. Idan ma'ajiyar ta yi nawa, hasashen gobe sai jibi ya fito, ya zama labarin jiya. Aikinta shi ne ta jibga wa ma'ajiyar kaya da gangan, ta auna saurin zubawa da saurin ɗaukowa, ta faɗi gaskiyar abin da ta gani.

Na ce, "Wato ke ce duba-garin injin."

Ta yi dariya ta ce in faɗa wa abokaina haka nan.

Ta zo da farin ciki kuwa. Cibiyarsu ta yi odar sabuwar ma'ajiya, kuma ba a karɓar irin wannan daga hannun kamfani sai ta ci jarrabawa. Ita aka ba aikin yi mata jarrabawar. Ta gwada, ma'ajiyar ta ci, har ta wuce abin da aka yi alkawari. Ta miƙa rahotonta, shugabanta ya yabe ta a gaban manya, aka sa ranar sa hannu a makon da ke tafe. Da an sa hannu, masu kamfanin za su naɗe kayansu su tafi, duk abin da ya biyo baya na cibiyar ne. Ita kuma har lokacin ma'aikaciyar gwaji ce, bayan wannan ne ake sa ran tabbatar mata da aikin.

Ana haka yayana ya aiko cewa ranar Laraba za a shigar da amfani rumbu, mu zo. Yayana bai taɓa wuce Kontagora ba. Ni na ga teku, na ga ƙanƙara, amma a gabansa ni ƙaramin yaro ne da ya gudu daga gona, kuma bai taɓa kirana da wani suna ba sai Saje. Rumbunansa takwas ne, na laka, bakinsu a sama, sai an hau tsani. A al'adarmu, saurayin da ke neman aure yakan yi wa gidan surukai aikin gona shekara da shekaru, shi da sa'o'insa. Golmo muke ce masa. A ranar, wanda ke neman autar yayana ya zo da sa'o'insa, su goma, jagoransu wani ƙato mai baki kamar reza.

Yayana yana da wani dutse a ƙofar gida, a nan yake zama duk ranar kwasa. Ba abin da ke shiga gidan sai an sauke a gabansa. Ya duba, ya taɓa, wani lokaci ya ciza ƙwaya, sa'an nan ya ce, wannan na iri ne, rumbun gabas. Wannan na cin damina ne, babban rumbu. Wannan akwai ɗanyi, a shanya tukuna. Babu takarda, babu alama a jikin rumbu. Duk a kansa yake.

Da safe dammunan dawa aka kwaso, manya-manya, kowane dami sai ƙato ya yi nishi. Aiki ya tafi gwanin sha'awa. Mutum ya iso, tsoho ya kalli damin sau ɗaya ya nuna da sanda, ya wuce. Kafin na bayansa ya ƙaraso daga gona, gaban dutsen ya zama fili. Ɗiyata ta tsaya tana kallo tana yabawa, har ta ce wa yayana, "Baba Babba, gidanka ya fi injinmu tsari." Shi kuwa taba kawai ya shaƙa.

Bayan an sha kunu da rana aka koma ƙananan kaya: wake, gyaɗa, riɗi, acca, barkono, da ɗan abin da kowace mace ta noma a gefen gona. Wannan a kwando, wannan a ƙwarya, wannan a ƙunshin zane. A daidai lokacin kuma wasu mutum goma suka iso daga ƙauyen Manga don taya 'yan'uwansu. Na yi murna, na ce hannu ya ninka, kayan kuma ba nauyi, kafin rana ta karkata an gama.

Sai aikin ya tsaya cik. Maza ishirin, rabinsu a tsaye da kwanduna a ka, waɗanda ke kan tsani suna hamma. Jinin soja ya motsa mini. Na shiga daka musu tsawa, ina cewa a bariki da tuni na sa su tsallen kwaɗo.

Jagoran ya ce, "Saje, mu ai ga mu nan. Kai ne ba ka ɗauki kome ba sai murya."

Ɗiyata ta taɓa hannuna ta ce, "Baba, ara mini agogonka."

Agogon nan tun ina aiki nake da shi, yana da allurar daƙiƙa. Ta ɗaura, ta yage kwalin sukarin da muka kawo tsaraba, ta ja layuka a bayansa. Abin da ya fara burge ni shi ne ba ta zargi kowa ba. Ni na ga cunkoso na yanke hukunci. Ita ta ga cunkoso ta ce ba ta san dalili ba tukuna. Ta bi mutum ɗaya daga gona zuwa ƙofa ta rubuta. Ta auna tsayuwarsa a gaban dutse ta rubuta. Ta auna hawan tsani da juyewa ta rubuta. Sa'an nan ta roƙi jagoran ya bar mutum biyar kawai su yi ɗauka, saura su huta.

Ya ce, "Ɗiyar Turai za ta koya mana ɗaukar kwando. To, ni dai ina cikin masu hutawa."

Ta auna biyar. Ta ce a ƙara su zama goma, ta auna. Ta ce duka ishirin, ta auna. Kowanne sau uku ta maimaita, don ta ce awo ɗaya yana iya zama sa'a. Suka yi ta yi mata shaƙiyanci, wani ya tambaye ta ko za ta auna masa tsawon shekarun golmonsa a rage masa. Ta amsa musu da C'lelarta da ta ɗan yi tsatsa, suka ƙara fashewa da dariya, amma idonta bai bar agogon ba.

Da ta gama, ta je ta durƙusa a gefen dutsen. Ta nuna cewa mutum biyar da mutum goma, bambancin abin da ya shiga rumbu kaɗan ne. Goma da ishirin kuwa babu bambanci ko kaɗan. Tafiya ba ta cin lokaci, tsani ba ya cin lokaci. Duk lokacin a gaban dutse yake tafiya.

Yayana ya ce, "Wato ni ne ke tsai da su."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Agogo ne ya ce, Baba Babba."

Na ɗauka zai yi fushi. Sai ya ce, "Agogon ya yi gaskiya. Amma in ban duba ba, ranar shuka wa zai san inda waken iri yake? Rumbun da ba a san abin da ke ciki ba, da shi da wanda ba kome duk ɗaya ne." Ya nuna ta da sanda. "Ke kuma da safe kika yabe ni, na ƙyale ki. Safe ba gwaji ba ne, ɗiyata. Dami babba, kallo ɗaya ya ishe shi, ko makaho ya zauna a nan aiki zai tafi. In kina son sanin gida, ranar ƙananan kaya ake zuwa."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba, in ban da sau ɗaya a fagen daga. Ta miƙe a hankali, ta tafi ƙarƙashin ɗorawa ta zauna, kwalin sukarin a cinyarta. Na bi ta.

Ta ce, "Baba, injinmu ma yana da tsoho a kan dutse."

Ta ce a cikin ma'ajiyar akwai wani sashe guda da ba ya ɗaukar kaya. Aikinsa shi ne riƙe sunan kowane fayil da sanin faifan da yake kai. Duk kwamfutar da za ta buɗe sabon fayil sai ta tsaya a gabansa. Ita kuwa da manyan fayiloli ta yi gwajinta, kowace kwamfuta ta tsaya sau ɗaya ta wuce ta yi ta zubawa, shi ya sa sakamakon ya yi kyau haka. Amma masu hasashen, a wani mataki na aikinsu, ƙananan fayiloli suke rubutawa, dubbai a kan dubbai, a lokaci ɗaya. Ta san da haka. Ba ta dai haɗa biyun a ranta ba sai yanzu.

Ta ce, "Safe kawai na auna."

Na tambaye ta ko gwajin da ta yi shi ne aka rubuta a yarjejeniya. Ta ce shi ne. Na tambaye ta ko ta tabbata injin zai kasa. Ta ce ba ta sani ba, yana iya ci, yana iya faɗuwa.

A nan ne na faɗi maganar da har yau nake jin kunyarta. Na ce, "To ai shi ke nan. An ce ki gwada kaza, kin gwada kaza. Ba wanda zai kama ki da laifi. Ki bari a tabbatar miki da aikinki, ki ci Kirsimeti da uwarki. In wani abu ya taso daga baya, a lokacin kina da gindin zama."

Abin takaicin shi ne na fi kowa sanin illar wannan shawara. A wata ƙasa mai dazuzzuka da na yi aiki, an taɓa kawo mana rediyoyin da aka gwada a fili, rana tsaka, suka yi magana rangaɗaɗau. Da muka shiga kurmi ana ruwa, suka yi gum, muka wuni ba mu san inda 'yan'uwanmu suke ba. Na zagi wanda ya gwada su da duk harsunan da na iya. Ga shi yau ina koya wa ɗiyata ta zama shi. Uba ne ya yi magana a bakina, ba soja ba.

Ta dube ni ba tare da raini ba, ta ce, "Baba, abin da suke son sani shi ne ko injin zai yi musu aikinsu. Ni kuma na ce zai yi, alhali ban sani ba."

A wancan lokacin babu sabis a cikin gidajen Dabai, sai an hau tudu. Muka hau wani dutse da ke bayan gidan, ita a gaba, ni ina haki a baya. Ta yi ta juya wayar sama har ta kama. Ta kira shugabanta, ni kuma na tsaya nesa kaɗan ina yi kamar ina kallon gonaki, kunnena yana wurinta.

Na zauna da mutane iri-iri, na ga yadda kowa ke kauce wa laifi a harshensa. Wasu su ce abin ya faru, kamar daga sama ya faɗo. Wasu su ce an yi kuskure, ba a san wa ya yi ba. Mu ma muna da namu salon, mu ce haka Allah ya so. Faransancin da na sani cike yake da hanyoyin zagaye-zagaye masu daɗin ji, kuma ta fi ni iya su. Ba ta bi ko ɗaya ba. Bayan gaisuwa sai ta ce rahotonta bai cika ba, ita ce ta bar gwaji guda mai muhimmanci, tana roƙon kada a sa hannu sai ta yi shi.

Layin ya yanke. Ta sake kira. Daga inda nake ina jin muryar mutumin tana tashi. Na tsinci cewa ya riga ya gayyaci manya, masu kamfani sun shirya tafiya, kuma shi ne ya tsaya mata a gaban kowa. Ya tambaye ta ko tana da shaidar cewa injin zai kasa. Ta ce ba ta da ita, abin da take da shi shi ne shaidar cewa ba a gwada ba. Sai na ji ta ce, "To. Zan taho."

Ta sauke wayar. Ta juyo wurina. Ta ce ya ba ta zuwa ƙarshen mako mai zuwa, kuma ya ce maganar tabbatar da aikinta a ajiye ta gefe tukuna. Kirsimeti saura kwana shida.

Ta ce, "Kai za ka faɗa wa Mama ko ni?"

Na ce, "Na fuskanci bindiga, amma wannan ke za ki faɗa."

Da muka sauko, sai muka tarar da wani abu. Layi ya zama biyu. Yayana yana kan dutsensa yana karɓar wake da acca da duk abin da ya shafi iri. A can ɗaya gefen ya sa an kifa turmi, matarsa ta zauna a kai tana karɓar kayan mata, waɗanda ta fi shi sani tun can. Shekara arba'in bai taɓa barin wani ya ce ga rumbun da kaya za su shiga ba. Bai yi wa kowa bayani ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ya dai ɗaga murya ya ce, "Ke mai agogo, zo ki sake awo. Sau uku, kamar ɗazu."

Ta auna sau uku. Cunkoson ya watse, kafin rana ta faɗi an rufe rumbu na ƙarshe. Jagoran 'yan golmo ya ce da ya san haka ne da tun bara ya sayo wa tsoho agogo.

Washegari na raka ta tasha. Uwarta ta yi kuka, ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba, don ta ce ni na kai yarinyar Dabai. Atamfar tana nan a akwati har aka shekara. Da za ta shiga mota ta kwance agogon za ta ba ni, na ce ta riƙe.

Bayan sabuwar shekara ta kira. Ta yi gwajin ƙananan fayiloli, da kwamfutoci kaɗan, da masu yawa, da dukansu, kowanne sau da yawa. Da kaɗan lafiya lau. Da aka saki dukansu, sai ɗaruruwan faifan nan suka zauna suna hamma kamar masu kan tsani, kowa yana jiran sashe guda. Da an sa hannu, da sai ranar da aka fara aikin gaske za a gane. Ba a karɓi ma'ajiyar ba sai da kamfanin ya ƙara wa sashen nan ƙarfi, masu hasashen su ma aka nuna musu yadda za su riƙa ɗaure ƙananan fayilolinsu dami-dami. Shugaban nata ya yi makonni yana gaishe ta a taƙaice. Daga baya shi da kansa ya sa hannu a takardar tabbatar da ita, ya kuma sa gwajin nata a cikin waɗanda ake yi wa kowace sabuwar ma'ajiya.

Na je Dabai na kwashe labarin duka na faɗa wa yayana, ina ta ƙoƙarin fassara faifai da fayil da C'lela. Ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce, "Su ma sun kifa turmi ke nan." Ya rasu bayan 'yan shekaru. Dutsen yana nan a ƙofar gida.

Na yi shekaru ina ɗaukan cewa jarumtaka ita ce tsayawa a gaban abokin gaba. A kan dutsen bayan gidan nan, inda ta yi waya, na ga wata iri da ta fi wuya: mutum ya ci jarrabawa, an tafa masa, babu wanda ya gane kome, ya koma da ƙafarsa ya ce a dakata, ban auna daidai ba. Tun daga ranar, duk abin da aka kawo mini aka ce an gwada yana da kyau, injin ban ruwa ne, ko mai neman auren jikata, ko ni kaina, tambaya ɗaya nake yi: da safe aka gwada shi, ko ranar ƙananan kaya?